Littafin Babu

Shekara ashirin da biyu ina buɗe ƙofar nan
a gindin tudun Valparaiso,
inda titi kan gaji ya rikiɗe matakala,
gidaje sun goyi juna har sama,
teku a ƙasa yana wanke wa gari ƙafa.

Da na fara, na ɗauka kaya ake zuwa saye.
Na cika kanta da shuɗi da ruwan hoda,
na rataye 'yan takalman da ba za su taɓa taka ƙasa ba.
Sai na ajiye littafi kusa da akwatin kuɗi,
duk abin da aka tambaya na ce babu, in rubuta.
Shi ya koya mini sana'a.

Shafin farko: kujera.
Yasna ce, cikin wata takwas, ƙafa kamar turmi,
ta sauko matakala ɗari da sittin, tana ƙirgawa.
Ba ta dubi riga ba, ba ta tambayi farashi ba,
ta ce, "Baiwar Allah, ina zan zauna?"
Na kife mata kwali. Washegari na sayo kujera.
Shafi na biyu ma ita ce: banɗaki.

Anibal, mai ɗinkin komar masunta,
ya ɗaga keken jariri da hannu ɗaya, ya jinjina, ya dire.
Ya ce, "An ƙera wannan don garin da ke kwance.
Namu a tsaye yake."
Na buɗe baki in yabi ƙarfensa, ba ya tsatsa,
sai na haɗiye, na miƙa masa majanyi.
Riba ta tafi ranar.
Daga baya ya turo mini ƙannensa uku.

Ba su cika faɗa ba, amma na iya ji:
a gaya mana wanne ne dole, wanne ne ƙawa.
To, jariri ba ya karanta sunan kamfani.
Rigar wata guda, mako uku take yi.
Maɓalli goma sha biyu azaba ne ƙarfe ukun dare,
ga kuka, ga barci a ido, ga fitila ta ƙi kamawa.
Wata kaka ta kama gadon jariri ta jijjiga da ƙarfi,
ta ce, "In ƙasa ta girgiza, zai tsaya?"
Mu nan mun san ƙasa ba ta alkawari.

Sai wata Talata cikin Yuli, ruwa da sanyi,
Hernan ya shigo rungume da leda.
Kaya a ninke, ko takardar farashi ba a cire ba.
A bayana akwai allo, ni na rubuta da hannuna:
ba a mayar da kaya sai da rasit, cikin kwana goma.
Ya dubi allon, ya laluba aljihu, ya dubi ƙasa.
Ni na sayar musu a watan Mayu,
shi da matarsa suna gardamar suna, suna dariya.
Ban ce me ya faru ba.
Labarin zuciya, fuska ta riga ta bayar.
Na ƙirga kuɗinsa, na damƙa masa.
Ya kai ƙofa, ya dawo,
ya zaro 'yar hula ɗaya, rawaya,
ya ce, "Wannan nawa?"
Na ce an riga an biya.
Da dare na sauke allon.
Ƙusar tana nan, ni da ita mun san dalili.

Jiya ɗan Yasna ya zo, har da gemu,
yana riƙe da hannun wata mai ciki.
Ta faɗa kan kujerar, ƙafa ɗaya na gurgunta,
ta sauke numfashi, ta tambayi wani abu
da ban taɓa jin sunansa ba.
Na ce babu.
Na laluba biro.